Salwar Likita a Bakin Karena

Haƙƙi ne a kan duk mai yanke hukunci ya saurari ɓangarori biyu, ko da wanda ake tuhuma kare ne. Wannan haƙƙi ne dattawan da nake fita farauta da su a gonakin kudancin Giza suka tauye, shi ya sa nake rubuta abin da idona ya gani.

Aikina adana takardu ne a ofishin jakadanci da ke Zamalek, gidana kuma yana Giza. Wani maƙwabcina Bamisire, da na taɓa shaida wa cewa mahaifina maharbi ne, ya kawo mini kwikwiyo fari mai dabbaren ja, irin wanda ake farautar tsuntsu da shi. Uwargida ta tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, wannan baƙon fa daga ina?"

"Karen farauta ne. Shari'a ta yarda da shi."

"Wannan ɗin? Ko kyankyaso bai taɓa kamawa ba. To, na ji. In ya zama na farauta, ya zauna a saman bene. In bai zama ba, khalas, shi ke nan, ka san inda ka ɗauko shi."

Na amince, domin ni ma ba zan ajiye kare don ado ba.

A saman benen nake horar da shi kafin in tafi aiki. Abu uku nake nema daga gare shi: ya tafi in an tura shi, ya tsaya in an tsawatar, kada ya ci abin da ya ɗauko. Na ukun ne mai wuya. Maƙwabcin ya ba ni shawarar in riƙa sa masa ɗanyen ƙwai a baki, in ja da baya, in kira shi. Ya fasa ƙwai har uwargida ta ce da alama karen ya fi yaranta karin kumallo. Wata safiya dai ya tako a hankali, kansa a ɗage, ya ajiye mini ƙwan a tafin hannu ko tsagewa bai yi ba. Daga ranar bai sake fasawa ba.

Da salwa ta fara sauka a gonakin barsim, ciyawar da ake noma wa dabbobi, maƙwabcin ya gabatar da ni ga abokan farautarsa. Shugabansu wani dattijo ne da kowa ke kira Hajji. Fitarmu ta farko abin kunya ce: karen ya bi balbela da gudu har ya afka magudanar ruwa.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Ustaz," in ji Hajji yana share hawayen dariya. "Ɗan ofis ne irinka, bai saba da ƙasa ba."

Bayan mun fita 'yan lokuta sai ya gane aikinsa. Yana cikin sassarfa, iska ta juyo, ya daskare wuri ɗaya: ƙafar gaba a sama, jela a miƙe, jikinsa na tsuma amma bai ƙara taku ba. Babu wanda ya koya masa wannan. Da ita aka haife shi. Na matsa, salwa ta tashi, na harba. Ya kawo mini ita da sauran ranta, gashinta ko jiƙewa bai yi ba, na yi bisimilla na yanka. Hajji ya daina dariya, ya ce, "Tamam," wato ya yi daidai. Tun rasuwar mahaifina ban ji irin abin da na ji a wannan gona ba.

A fitar ƙarshe abin ya faru. Wani likita mai ritaya daga cikinmu ya harbo salwa, ta faɗa bayan wani kurmin dabino. Ina tsaye a kan tudun magudana, ina hangen wurin sarai. Tsohon karen Likita ne ya fara isa. Ya tattauna ta, ya ci ƙirjin, ya yar, ya zagaya ta wata hanya. Nawa ya iso, ya tarar da tsuntsu a ƙasa, ya yi abin da aka koya masa: ya ɗauko ragowar, ya ratsa gaban kowa, ya ajiye a ƙafafuna yana kaɗa jela.

"Kun gani?" Likita ya ɗaga murya. "Ya ci! Wannan ba horarre ba ne."

Na ce karensa ne ya ci, na gani. Ya ce karensa ya tsufa a wannan aiki. Hajji, don gudun ɓacin ran tsohon abokinsa, ya ce kada in sake zuwa da nawa. Wanda ya ci ya yar ya tsira, wanda ya dawo da amana aka kora.

Ba ni da wata gonar da zan shiga sai tasu, kuma kare da ba ya farauta ba shi da wurin zama a gidana. Na gaya wa uwargida zan cika alkawari, in mayar da shi. Ta daɗe tana kallon ƙasusuwan da ta tara masa a kwano.

"Malam, kai da kake rubuta wa gwamnati takarda, ka kasa rubuta wa kare?"

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon Hajji da sauran dattawa su zauna kafin salwa ta dawo, su tambayi Likita inda karensa yake sa'ad da tsuntsun ya faɗi. Ina kuma roƙon a kawo karnukan biyu bakin wannan magudana, a sa wa kowanne ɗanyen ƙwai a baki, a kira shi daga ƙarshen gona. Idan nawa ya fasa, zan mayar da shi da hannuna a ranar. Idan ya kawo shi lafiya, a janye hukuncin a gaban duk wanda ya ji an yanke shi. Ni zan zo da ƙwan.