Gwaggo Sharifa da ramukan Tukra

Kafin a kaɗa ƙararrawar lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu a Tukra, Gwaggo Sharifa ta riga ta hura wuta a bakin ƙofa ta ɗora kaskon ƙosai. Haka take tun 'ya'yanmu na fari suna da majina a hanci, yau ga jikokinmu a layinta. Idan yara suka fito shan iska, sai ta sauke kasko, ta goge hannu a zani, ta ɗauko damin karan dawa da ke jingine a bango.

Wanda bai san Tukra ba, bari in gaya masa. Masu buga bulo suna haƙa ƙasa su tafi su bar ramin. Da rani kowa na ganinsa. Idan kogi ya tumbatsa ya shigo gari, rami da hanya fuskarsu ɗaya. A irin wannan rami aka ciro Yusuf, ɗan maƙwabciyar Gwaggo, an aike shi sayen gishiri. A zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Gwaggo ta ce, "Haka ne, Allah Ya jiƙansa. Amma ramin nan da hannu aka haƙa shi."

Daga nan wasan ya samo asali. Takan zana unguwa a yashi da toka, ta tona 'yan ramuka ta rufe da tsohon buhu, ta barbaɗa ƙasa. Kowane babban yaro ya riƙe kara a dama, ƙaramin yaro a hagu. Sai ta ce da Larabcin gari, "Almi ja," wato ruwa ya zo. Wanda ya taka wuri bai soka kara ba, ya faɗi. Wanda ya saki hannun ƙaninsa, ya faɗi. Wanda ya koma ɗaukar takalmi kuwa, dariya ake yi masa har a tashi.

"Kai Alamin, silifas ɗin nan naka na zinariya ne? Je ka zauna, ka nutse."

"Gwaggo, sabo ne fa."

"To kifi zai sa shi ran sallah."

Akwai waƙa da suke bi da tafi, kuma a cikinta kowane rami yana da sunan wanda ya haƙa shi, don da sunan ne yara suka san wurin. A nan maganar ta ɓaci, domin mafi zurfinsu shi ne ramin Alhaji Salmanu, kuma Alhaji Salmanu ne shugaban kwamitin iyayen yara.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Rubutun ma sai da furfura ta fito na koya. Amma na zauna na saurari waɗanda suka gani da idonsu. Hamisu mai nama ya ba ni labarin shekarar da ruwa ya cinye rabin unguwa. Da hantsi, yana kan rufin rumfarsa, ya hango yara sun jeru cikin ruwa har cinya, kowa da sanda, kowa da ƙaninsa, suna waƙar nan suna kewaye wuraren da ido ba ya gani. Manya na biye da su da tabarmi a ka. Hamma Muntasir, mai fataucin shanu, ya ce shi yanke ya so ya yi ta bayan masallaci da akuyarsa, 'yarsa Khairat ta riƙe masa riga: "Baba, nan ramin Alhaji ne, ka faɗi." Ya soka sandarsa ta kiwo, ruwa ya haɗiye ta har inda ya riƙe. Har yau idan yana ba da labarin sai ya dubi tafin hannunsa.

Ke ce, Gwaggo, kika jera yaran nan a ranar, alhali kina can wani tudu kina neman inda za ki ajiye kaskonki. Uwar masu kara, ba ki da allo, ba ki da albashi, ba a taɓa kiranki malama ba.

To me unguwa ta saka mata da shi? Bana gwiwoyinta sun gaza, ta ce za ta ajiye ƙosai. Kwamiti ya tara mu a filin lakwal, aka yi addu'a, aka miƙa mata turmin atamfa ja daga Babbar Kasuwa. Muka yi tafi. Kafin tafin ya lafa Alhaji Salmanu ya miƙe ya ce daga yau an daina wasan a filin nan, yara karatu suka zo, kuma ba tarbiyya ba ce a riƙa rera sunayen dattawa. Muna zaune, mu iyayen yaran da suka fito da rai, ba wanda ya buɗe baki.

Wannan ne ya hana ni sukuni. Mutum ya ji kunyar sunansa a bakin yara, bai ji kunyar ramin ba. Ramin yana nan buɗe, an ma haƙa sababbi wajen gonaki, waɗanda ba su shiga waƙa ba tukuna. Yaran da aka sa lakwal bana ba su taɓa riƙe kara ba. Damina kuwa ba ta halartar taron kwamiti.

A wurin taron nan, Gwaggo ta dubi Alhaji daga inda take zaune ta ce, "Alhaji, ka cike ramin yau, gobe in cire sunanka." Wasu suka sunkuyar da kai don kada a ga haƙoransu.

Mun gode, Gwaggo Sharifa. Allah Ya ba gwiwoyinki sauƙi, Ya saka miki da abin da muka kasa. Ku kuma mutanen Tukra, godiyar baki ta isa haka. Fadila, wadda ta taso cikin wasan nan, yanzu matar aure ce, ta ce za ta karɓi damin karan. Fili kawai take nema. Mai faffaɗar ƙofar gida ya ba ta, mai ɗa ya turo shi, wanda ke da murya a kwamiti ya yi amfani da ita kafin hadari ya haɗu. Mutanen unguwar Lamaji, ku ma ku duba bayan sababbin gidajenku.

Ran Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta. Na same ta a tabarma da almakashi, ta yayyanka atamfar nan siri-siri, jikokinta na ɗaura kowane ƙyalle a kan dogon kara.

Na ce, "Gwaggo, kyautar taki?"

Ta ce, "Ja ce, ana hango ta daga nesa. Ɗauki waɗannan, ƙafarka ta fi tawa. Fara kafawa daga ramin Alhaji."