Rana Namiji Ce, In Ji Malam Laminu

Ku da kuka zauna fwayen Montreuil, gidan nan na baƙi 'yan ci-rani, tare da marigayi Malam Laminu kun san ba ya kurɓar shayin safe sai ya ga rana. Da an sallame asuba zai ja kujera bakin tagar kicin, ya naɗe wuya da tsohon rawani, ya zauna jira. In ta fito ya ce, "Madalla, an zo aiki." In hadari ya rufe ta, yadda aka saba a Paris, ya ja tsaki ya ce, "Yau ma yajin aiki take, ta zama 'yar ƙasa." Ni lokacin nake dawowa daga kasuwar Rungis, ina ƙarnin kifi, in tarar da shi yana faɗa da sama.

Ɗan Damagaram ne. Bursu, wato tallafin karatu, ta kawo shi Lyon, bursu ta ƙare, karatu bai ƙare ba, sai ya dawo cikinmu yana gadin wani kanti yana rubutunsa. Abin da yake bincike a kai kuwa shi ne yadda Girkawan dauri suke bauta wa rana. Ni da mushe, malaminmu na boko, ya kora daga lakkol tun ban iya rubuta sunana daidai ba, abin da nake tambayarsa kullum shi ne, "Malam, wa ya aike ka?"

Alhaji Mamman, limaminmu na fwaye, shi bai ɗauki abin da wasa ba. Wata Juma'a, gaban jama'a, ya ce, "Laminu, ka baro garin malamai ka zo kana tonon tsafin matattu. In ka mutu a kan wannan, ba ni zan tsaya gaban gawarka ba. Girkawanka su yi maka salla." Wanda ya yi baƙunta ya san nauyin wannan magana. Malam ya yi murmushi, amma na ga ta soke shi. Bai kuwa ajiye littafi ba, taurin kai kamar jakin kuturu!

Ranar da ya gaya mana wai a wurin Girkawa rana namiji ce, sunansa Eliyos, yana tuƙa keken dawaki daga gabas zuwa yamma, Hajiya Rabi mai dafa mana abinci ta ajiye ludayi.

"Rana namiji? Wane namiji ne zai tashi kullum da asuba, ba wanda ya tashe shi, ya yi aiki har magariba?"

"Hajiya, a wurinsu wata ne mace."

"To shi ya sa suka ƙare."

Ya ce ba ma duk Girkawa suka damu da shi ba. Mutanen Atina sai dai su ɗaga masa hannu su wuce. Mutanen wani tsibiri Rodos su ne 'yan gidansa. Wai ranar da gumakansu suka yi rabon ƙasa yana bakin aiki, aka manta da shi, sai da tsibirin ya ɓullo daga teku sannan ya sami nasa. Na ce, "Ashe ɗan'uwanmu ne. Mu ma ranar layya ana rabon nama muna Rungis." To kowace shekara mutanen tsibirin nan sai su ɗaura wa dawaki keke su tura su cikin teku, wai sadakarsa ce. Kun san Malam, mutumin da ke jiƙa jakar shayi ɗaya har sai ta yi fari, ya shanya ta kan radiyata mai ɗumama ɗaki don gobe. In ya zo nan a labarin sai ya dafe kai.

"Dawaki lafiyayyu, Ɗanladi! Shirkar dai Allah ya tsare mu, amma almubazzarancin ne ke hana ni barci."

Da ranar kare karatunsa gaban furofesoshi ta zo, muka cika jirgin ƙasa zuwa Lyon. Alhaji Mamman ya ce shi ma za shi, sai ya ji da kunnensa. Na ce, "Alhaji, da wane Faransancin? Daga bonjur sai kart de sejur, takardar zama." Ya ce in yi masa tafinta. Makaho ya ja makaho ke nan.

Lokacin sanyi ne, yini gajere. Turawa suka yi ta tambaya, Malam ya yi ta amsa, Alhaji na zungurina.

"Me ya ce?"

"Ya ce Rodos."

"Yanzu fa?"

"Ya sake cewa Rodos."

Can sai Malam ya dubi taga, ya ɗaga hannu ya tsayar da wata tsohuwar furofesa tana tsakiyar magana. Wannan kam na gane. Ya ce, "Madam, ku yi mini haƙuri. Wanda muke magana a kansa ya kusa tashi daga aiki, ni kuwa ban yi la'asar ba." Ya fita ya shimfiɗa kwat ɗinsa a baranda ya ta da kabbara, manyan masana na zaune suna kallon juna. Suka dai ba shi digirinsa. A jirgi muna komowa na ce, "Alhaji, ka gani?" Ya ce, "Ruku'unsa dai ba laifi." Bai janye maganarsa ba, Malam kuma bai roƙe shi ba.

Daga baya ya sami ɗan aikin koyarwa a Lyon, can ciwon ajali ya same shi. Aka ce za a kawo gawar Paris a yi mata salla kafin jirgin Yamai. Muka taru a farfajiyar masallaci, kowa na satar kallon Alhaji, wanda ya zo da sandarsa ya zauna gefe. Mota ta maƙale a cunkoso, ba ta iso ba sai da rana ta yi ja. Aka sauke makara, aka yi cirko-cirko, ba wanda ya matsa gaba.

Sai Alhaji ya miƙa mini sandar.

"Ku daidaita sahu, ku yi sauri. Ba a salla rana na faɗuwa, kada a yi kama da masu bauta mata. In muka yi lattin nan, wannan ɗan banzan zai tashi ya lissafa mana sunan garuruwansu."

Aka fashe da dariya gaban gawa, astagfirullah. Ya ɗaga hannu ya yi kabbara, muka bi shi.

Allah ya jiƙan Malam Laminu, ya yafe masa, ya sanya shi a inuwar Al'arshi ranar da babu wata inuwa. Mu da muka rage, Allah ya ba mu mai tsaya mana. Amin.