Baffa Ilu da Takarar Hajiya

Duk wanda ya san Baffa Ilu ya san ba sauraron rediyo yake yi ba, musu yake yi da ita. Zai zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya ɗora ta a cinya, ya karkata hula. Da mai magana ya faɗi abin da bai gamshe shi ba, sai ya murɗe ta ƙit, ya gyara murya, ya zazzage masa amsa tun daga tushe. In ya gama sai ya dubi 'yan majalisa ya ce, "Kun gani ko? Ya yi tsit." Sannan ya kunna. Kafin nan an wuce labarai an shiga sanarwar ɗaurin aure, amma a wurin Baffa gudu mutumin ya yi.

Batir kuwa ba ya mutuwa a hannunsa. In ya yi sanyi ya shanya shi a kan rumbu, in ya ƙara sanyi ya ɗan ciccije shi. Matarsa Inna Abu ta taɓa ce masa, "Malam, wannan batirin ai ya isa a yi masa sutura." Ya ce, "Suma ya yi, ba ki san suma ba?"

Ni Saude 'yar wansa ce. Tun ina ƙarama mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta bi shi ba da jimawa ba, Baffa ya ɗauke ni. A hannunsa na tashi, a ƙauyenmu da ke tsakanin Bici da Bagwai, inda gonar wani take ƙarewa a jikin katangar wani. Don haka in na ce mutumin nan ya iya gardama, ba labari aka ba ni ba.

Babban abokin musunsa shi ne Malam Hudu, wanda suka taso tare tun suna kiwon awaki. Wata shekara aka yi ruwan farko, Malam Hudu ya ce ruwan shuka ne, Baffa ya ce na yaudara ne, duk wanda ya zuba iri ya yi wa tsuntsaye sadaka. Tun hantsi suke abu ɗaya har rana ta karkata. Malam Hudu ya gaji ya ce, "Shi ke nan Ilu, gaskiyarka ce, na yarda." Baffa ya miƙe ya shiga gida, sai ga shi da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri.

"Ina kuma za ka?"

"Shuka. Tunda ka yarda da maganata, lalle akwai kuskure a cikinta."

Abin haushi, geron nan ya yi kyau, kuma har ya bar duniya yana cewa shi ya fara gane ruwan. Halinsa ke nan, kowa ya sani: da jama'a sun dawo bayansa, sai ya tsallake ya koma ɗaya ɓangaren.

To, a shekarar da aka fara raɗe-raɗin cewa wata Hajiya da ta daɗe tana riƙe manyan muƙamai a Abuja za ta fito takarar shugaban ƙasa, majalisar gindin darbejiya ta kama da wuta. Ita baiwar Allah ba ta ce uffan ba, amma a garinmu har an fara naɗa mata ministoci. Malam Hudu ne kaɗai a bayanta. Ya ce, "Maza dai mun gwada su, dogo da gajere, mai kaki da mai babbar riga. A ba mace mu ga kamun ludayinta." Sauran suka taso masa. Wani ya ce wa zai dafa wa mijinta abinci, wani ya ce da wane ido sojoji za su sara mata. Da aka fara jawo maganar ta fuskar addini, Liman ya ce a bar wa waɗanda suka karanta, su dai su tashi su yi alwala.

Baffa ya kashe rediyo ya ce, "Kada ta tsaya."

Majalisa ta ɗauka, "Gaskiyarka Baffa." Aka zuba ido ana jiran ya juya kamar yadda ya saba. Bai juya ba. Washegari ma haka. Malam Hudu ya leƙa fuskarsa ya ce, "Ilu, lafiyarka kuwa? Majalisa guda ta yarda da kai, kuma kana zaune?" Baffa ya ce, "Na ce kada ta tsaya."

Kowa dariya yake yi, ban da ni. Lokacin ina koyarwa a furamaren garinmu, iska ta yaye rufin ajina muna karatu a gindin bishiya, rijiyar burtsatse ta lalace mata na zuwa ɗiban ruwa har ƙauyen gaba. Matan mazaɓarmu suka matsa mini in fito takarar kansila, ni ma kuma raina yana so ƙwarai. Maigidana mutum ne mai son zaman lafiya, ya ce, "Ni ba ni da ta cewa, amma ki fara jin ta bakin Baffa." Wato ya tura ni gaba ya koma inuwa. Ga shi kuma a karon farko a rayuwarsa Baffa ya tsaya a kan magana ɗaya, kuma maganar ita ce mace kada ta tsaya. Na kuwa san in ya ce a'a, ba zan iya tsallake maganarsa ba.

Na same shi a zaure bayan la'asar yana ɗinke mangalar jakinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce shawara na kawo.

"Na ji. Matan gari sun riga ki kawowa."

"Kansila ce fa kawai, Baffa, ba shugabar ƙasa ba."

"Kujerar ce ƙarama. Zagin girmansa ɗaya."

Ya soke basillar a jikin mangala ya dube ni.

"Ke kina zaton don mace ce na ce kada ta tsaya? Wa ya riƙe gidan nan in ba Abu ba? Ni ban da surutu me nake yi? Ki saurari sojojin bakan nan na rediyo ki ji. Matar nan ba ta ma ce tana so ba, amma sun taɓo aurenta, sun taɓo tafiyarta, har uwarta da ke kabari ba su bari ba. Kullum in na ji sai in ce, in ubanta yana raye, da wane kunne yake ji? Ni na ɗauke ki kina majina. Ba zan zauna a ƙofar gidana ina ji ana yanka ki ba."

Wallahi ban taɓa jin ina son mutumin nan kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinsa kamar ranar ba. Ina neman abin cewa sai muryar Inna Abu ta fito daga tsakar gida, ashe ta ajiye taɓarya tana ji.

"To kai da ka fi su iya baki, ka gwada ta mana. In ta iya jure naka, na rediyo ai shafa mai ne."

Idon Baffa ya yi wani haske da na san ba alheri ba ne. Nan take ya yanka sharaɗi: daga ranar har a gama girbin gero, zai zama ɗan adawata. Duk inda ya gan ni zai faɗi abin da ya ga dama. In na yi kuka ko na yi fushi, zancen takara ya mutu. In na jure, ya sa albarka. Na ce na yarda. Ina jin kalmar nan ta so ta sa shi ya juya, amma ya daure.

Jama'a, ɗan adawar da ya yi maka wanka kana yaro ba ƙaramin bala'i ba ne. 'Yan siyasa ƙirƙira suke yi, shi kuwa Baffa tarihi yake karantowa. Ina cikin koyar da lissafi a gindin bishiya sai ga shi a kan jaki, ya tsaya ya ce, "Yara, ku tambayi malamarku wa bunsuru ya kora har ta faɗa kwatami da kayan sallah." Ajin nan bai koma daidai ba har aka tashi. Ran sunan gidan maƙwabta, ina wucewa ta gaban maza zan shiga, ya ɗaga murya: "A ba mai girma kansila hanya. Tuwonta in ka jefi kare da shi sai ya yi ɗingishi." Na yi murmushi na ce, "Ina kwana Baffa," na shige, kunnuwana kamar an zuba barkono. Daga baya na gano Inna Abu ce take tuna masa waɗanda ya manta. Da na yi mata ƙorafi ta ce, "Taimakonki nake yi, 'yar nan. Gara su ƙare a gida."

Ranar da aka ɗaure damin ƙarshe, muna dawowa daga ɗiban ruwa ni da wasu mata, majalisa ta cika. Baffa ya gyara zama.

"Ku dube ta. Wannan da aka ba ta kaji ta kasa riƙewa, shaho ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ita ce za ta riƙe mazaɓa."

Na sauke jarka na durƙusa na ce, "Gaskiya ne Baffa, kajin sun ƙare. Amma burtsatsen garin nan maza ne suke riƙe da shi, kuma ba shaho ne ya ɗauke shi ba."

Malam Hudu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Baffa ya buɗe baki. Na ga ya shirya babbar, irin wadda yake tsoron a yi mini a waje, don ya fara da cewa, "Ai dama uwarki..." Sai maganar ta maƙale. Ya kalli ƙasa, ya ja gefen rigarsa ya goge fuska wai gumi. Can ya ce, "Nawa ya ƙare. Sauran kya ji a waje. Je ki, Allah Ya yi miki albarka."

Kada ku zaci daga nan ya huta. Mutumin da ya hana ni shi ya zama shugaban yaƙin neman zaɓena, ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ya ƙi hawa motar kamfe, ya ce hayaniya ce da ƙona mai. Sai ya liƙa hotona a jikin mangala, hagu da dama, yana kai taki gona yana bi lungu-lungu. Malam Hudu ya tare shi ya ce, "Haba Ilu, hoton 'yarka a jikin kashin awaki?" Ya ce, "Manomi za ta wakilta. Nuna mini manomin da yake ganin taki ya kau da kai." Wani ɗan adawa kuma ya kwaso labarin bunsurun nan ya faɗa a taro, yana jiran a yi ihu. Mutane suka ce, "Wannan ai tsohon labari ne, Baffanta ya fi ka iya ba da shi."

Ban ci ba. A zaɓen fid da gwani wani ya kayar da ni, kuma ba da tazara mai yawa ba. Na zaci Baffa zai ce dama ya faɗa. Sai ya ce ai shi a lissafinsa ni na ci, masu ƙirgar ne ba su je makaranta ba, ya kuma ƙi cire hotunan daga mangala har ruwa ya wanke su.

Da kaka ta zagayo ciwo ya kwantar da shi. Wata safiya ina ba shi kunu a cokali, Malam Hudu ya shigo dubiya yana dogara sanda. Ya zauna a bakin gado, ya ga yadda abokinsa ya rame, sai ya nemi abin da zai tayar da shi.

"Ilu, an ce fa Hajiyar nan har yanzu ana roƙonta ta fito. Yanzu dai ka sauka ko? Tunda ka bar taka ta tsaya."

Baffa ya ture cokalin. Muryar ta tafi, amma taurin kan yana nan.

"Kada ta tsaya."

"Saboda me kuma? Zagin?"

"A'a. In ta hau, sai a ce ita ce mace ta farko. Ta yi haƙuri ta bar wa Saude."

Malam Hudu ya yi dariya har da tari, Inna Abu ta ce, "Oh ni, daga kansilar da ba a ci ba sai fadar shugaban ƙasa." Ni ma na yi dariyar, sannan na ajiye kofin na fita bayan rumbu na yi kukan da ya hana ni yi duk waccan damina. Bai ƙara mako ba a duniya.

Ni dai na san iyakata, ba na hangen Abuja. Amma kansila zan sake nema in Allah Ya kai mu, don na taɓa samun mutum ɗaya da ya ga na isa abin da ya fi haka. Allah Ya jiƙan Baffa Ilu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya rufa wa marainiya asiri, ya Allah Ka rufa masa, Ka sada shi da ɗan'uwansa a Aljanna. Amin.