Baba Ya Gyara Wa Baƙi Zaure

Jama'a, yau mahaifina ya shafe tarihi, kuma godiya yake jira!

Kun san kwas ɗin tarihin zane da muke yi a ajin farko. Malaminmu yana ta yabon adon bangon gidajen ƙasa na da, ni kuma bakina ya ƙi shiru, na ce ai zauren kakanmu a Getso yana da irinsa. Na nuna hoto. Mutumin nan har miƙewa ya yi! Ya ce duk aji za mu je, kuma a kan zauren zan yi aikin neman maki.

Na kira Baba na ce manyan baƙi na tafe daga jami'a, zaure za su gani. Ya ce, "Kar ki damu."

Ashe nan ne wurin damuwar!

Yau muka isa. Wallahi ban gane gidanmu ba! Bango sumul da siminti, ga shuɗin fenti ko bushewa bai yi ba.

Malam ya ce, "Alhaji, ina zanen?"

Baba ya ce, "Wannan tsohon tarkacen? Haba Malam, kamarka ka zo ka tarar da mu a haka? Ai mun rufe shi."

Malam ya dafe kai, ya zube a tabarma. Baba ya zaci aikin ne bai burge shi ba, ya matso ya ce, "A yi haƙuri, yarinyar ce ba ta faɗa da wuri ba. Da tayil za mu sa."