Kujerun da Babu Kowa a Kai

Shekarar da aka ba ni aji ɗaya a wata firamare a unguwar Jiddari Polo, rajistata ta cika tun makon farko, har a bangon littafin sai da na rubuta sunaye. Bencin mutum uku yara shida ke matsuwa a kai, sauran a ƙasa. Hedimasta ya tara mu ya ce ko 'yar waye, kada a ƙara suna ɗaya. Ban ga laifinsa ba, ni kaina in zan je allo sai na tsallake ƙafafu.

Akwai wata mata da nake sayen shinkafa a wurinta, 'yar Zabarmari, rashin kwanciyar hankali ya dawo da su cikin gari. Duk sanda ta auna min sai ta ƙara tafi guda, ta ce, "Malama, maganar 'yata fa?" Yarinyar shekararta bakwai, har an ɗinka mata kayan makaranta tun ba a samu gurbi ba. Sau biyu ina zuwa wajen hedimasta. Na biyun har na ɗaga murya, shi kuwa ya buɗe rajistata ya ce in nuna masa layin da zan rubuta ta. Wallahi na fito kamar in fashe da kuka.

A makon ne ƙanina da ke karatu a Japan ya turo min hotuna biyu a waya. Na farko zane ne mai sanda biyu, ɗaya yawan yaran ƙasarmu, ɗaya na ƙasar can. Tamu zanƙaleliya, tasu 'yar guntuwa. Na biyu makarantar wani ƙauye ce da aka rufe don babu yaran da za su shiga, kujeru a jere, allo fes. Ya rubuta, "Yaya, su nan kukan rashin yara suke yi." Ji min ɗan nan fa! Raina ya ɓaci sosai, kuma ban san da wa nake fushin ba.

Wautata ɗaya, da na koma sayen shinkafa sai na nuna wa matar, don kawai na gaji da ce mata babu. Ta goge hannu a zani ta karɓi wayar. Sandunan nan ko kallo ba su ishe ta ba. Kujerun ta tsaya tana bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Malama, duk waɗannan babu mai su?"

Na ce babu.

"To a wace tasha ake shiga motar garin? Ni zan kai ta, in bar ta a wajen ƙaninki. Ba ta da rigima, kuma ba ta da ci."

Innalillahi. Na shiga yi mata bayanin jirgi da teku da takardu, ina yi ina jin kunyar bakina. Ta saurara har na gama, ta miƙo min wayata da hannu biyu, ta auna shinkafa, ta ƙara tafin nan nata kamar kullum.

Da aka koma ranar Litinin, na ga yarinyar a bakin tagar ajina cikin kayan makarantarta, tana maimaita abin da yara ke faɗa. Ban kore ta ba, iyakar abin da na iya ke nan. Har shekara ta ƙare ban rubuta sunanta ba, rigar ma ta yi mata kaɗan.