Alkawarin Da Aka Rataya Wa Mushtari

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zai kwashe yammacin da na ɗaga kai na nemi tauraron mijina na rasa ba.

Abin ya faru ne a shekarun da Nasara suka fara zama a ƙasarmu, ina amarya a Maiyama. Mijina falke ne, yana bin ayarin da ke tashi daga kasuwar Jega zuwa Gwanja sayen goro. Lallen aurena bai daɗe da gogewa ba aka sa ranar tafiya. Ana gobe za su tashi, bayan magariba, ya kira ni bayan rumbu ya nuna mini gabas. Kaza da 'ya'yanta sun fito, ga wani tauraro fari fat dab da su, wanda ba ya ƙyaftawa kamar sauran.

Ya ce, "Kin ga wancan? Baɗi war haka, in Kaza ta hito da shi kusa gare ta, ki aza tukunya. Ina bisa hanya."

A daren nan na ɗauka ba a taɓa yi wa mace kyauta irin tawa ba. Wasu a bar musu zane, wasu awarwaro, ni an bar mini tauraro. Ban ga laifinsa ba har yau. Ɗan manomi ne, ya san Kaza ba ta saɓa lokacinta, sai ya zaci duk abin da ke sama haka yake.

Gidan ya rage daga ni sai Inna, mahaifiyarsa. Da rana mu yi kaɗi, da yamma in yi daka, sautin taɓaryata kaɗai ke amsa mini. Magariba na yi sai in sulale bayan rumbu in ba tauraron labarin yinina, har da abin da kunya ba za ta bar ni in faɗa wa mai shi ba. Inna takan leƙo ta ce, "Ke ɗiyar ga, tuwo na ƙuna kina zance da sama! In yana ba da daddawa, amso muna."

Da bazara Kaza ta faɗa yamma ta ɓace, tauraron ya bi ta. Ban damu ba, kowa ya san tana dawowa. Damina ta wuce, aka yanke gero. Na yi kitso, na ƙunsa lalle, na surfa hatsi na ajiye. Ran da na tabbata lokaci ya yi, na je bayan rumbu na ɗaga kai. Ga Kaza, ga 'ya'yanta, amma gefenta wayam. Na murza ido, na sake dubawa. Ina nan tsaye har aka yi lisha, sannan na ga ya ɓullo can ƙasa, nesa da ita, kamar wanda aka yi wa laifi. Sanyin da ya shige ni a lokacin bai gama fita daga ƙashina ba har yanzu.

Wasu daga cikin fataken suka dawo, suka ce sun rabu da mijina bayan sun haye kogin Kwara, ya yi gaba da wani ayari. Wata kakar ta zo, tauraron ya ƙara nisa. Mahaifina ya aiko daga Fagada in koma gida a nemi raba auren, na ce alkawari bai cika ba tukuna.

Da Inna ta ga ina ramewa, sai ta ɗaura wa jaki akumari, muka tafi Jega wurin wani tsohon malami da ya san ilmin taurari. Na durƙusa na kwashe labari na faɗa masa. Ya tambaye ni hasken tauraron da inda yake fitowa yanzu, sai ya yi murmushi mai kama da tausayi.

Ya ce, "Ɗiyata, wanga ba tauraron zama ba ne. Mushtari ke nan. Su biyar ne masu yawo cikin sama: Uɗaridu, Zuhura, Mirriku, da shi, da Zuhalu. Shi ma falke ne kamar mijinki. Ya yada zango ne gun Kaza, ya wuce."

Na ce, "Allah gafarta malam, to yaushe zai komo?"

"Sai ya zagaye sama duka. Shekara goma sha biyu."

Inna ta tafa hannu ta ce, "Kun ji min ɗan nan! Ko iyakar gonar ubanai bai sani ba, ya tai yana auna sama."

Malam ya dara, ni kuwa na ce, "Zan jira." Har ga Allah, wani daɗi na ji. Na ga kaina irin matan da ake ba da labarinsu, masu tsufa a bakin ƙofa saboda ƙauna.

A hanyar komawa, da muka hango rumbunan Maiyama, sai Inna ta tsayar da jakin a gindin wata tsamiya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ni na haihe shi, jira nawa ne na dole. Ke ba a haihe ki don ki zauna gadin tauraro ba."

Na ce, "Inna, in na tafi wa zai ɗebo miki ruwa?"

"Wanda ka ɗebo min tun ba a san za a yi ki ba. Hau jaki, kin cika surutu."

Ita da ƙafarta ta kai ni gaban alƙali. Ya yanka lokaci, lokacin ya cika, ya raba auren. Ran da zan bar gidan na waiga, na gan ta ita kaɗai a tsakar gida da abin kaɗinta, ta juya mini baya don kada in ga fuskarta.

Na auri wani manomin albasa a Aliero, mutum mai shiru, wanda bai taɓa nuna mini sama ba sai in yana duba hadari. Inna ta rasu kafin Mushtari ya gama zagayensa. Wata kaka, ina goye da ɗana na uku, na fito kwashe shanya bayan magariba, sai ga shi dab da Kaza, fari fat, kamar jiya ya tafi. Ban gaya wa kowa ba. Na shiga madafa na ƙara tsaki a tukunya, na ware malmala biyu na rufe da faifai. Ba wanda ya yi sallama. Da safe na ɗumama wa yara.

Sai da na yi furfura jikana, da ya yi karatun boko, ya ƙarasa mini abin da malam ya fara. Ya ce waɗannan masu yawon duniyoyi ne da ke kewaya rana. Huɗu na kusa da ita, har da tamu, ƙasa ce da duwatsu. Na can nesa kuwa manya ne ƙwarai, Mushtari ne babbansu, amma iska ce da gajimare dunƙule. Ya ce, "Kaka, ko kin isa can ba inda za ki aza ƙafa." Na yi dariya har hawaye, yaron ya rasa dalili.

Abin da na koya shi ne, haske da girma ba su ne madogara ba. In za ka jingina rayuwarka, nemi abin da ke da ƙasa a ƙarƙashinsa. Ni tauraro na yi ta kallo, ashe ƙaunar da ta riƙe ni tana tsakar gida, tana kaɗa auduga tana yi mini faɗa.