Gaisuwar Hanyar Masallaci

Babanmu mahauci ne, amma babbaka ce ainihin aikinsa: kawunan shanu da ƙafafu da fata, a kan wutar tsofaffin tayoyi, can bayan mahauta. Tun ina ƙaramar yarinya warin hayaƙin nan na sani a jikin rigarsa.

A shekarunsa na ƙarshe ya zama mai yawan gaisuwa. Gidanmu da masallaci ba nisa, amma sai ya tsaya wajen mai shayi, ya tsaya wajen tela, ya dafa bango yana tambayar lafiyar iyalin kowa. Mutanen Zongo suna yabon zumuncinsa. Ni ma na yaba. Ban gane numfashi yake nema ba sai ranar da ya zauna a bakin kwata ya kasa tashi.

A asibiti likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa, ta yi mini bayani a hankali saboda Faransancina bai yi ƙarfi ba. Ta ce duk inda hayaƙi ya ji wa huhu rauni, akwai ƙananan ƙwayoyin jiki masu zuwa gyara. In raunin ya ƙi ƙarewa sai su cunkushe wuri ɗaya, suna matse juna, suna ta ɗinki ba tsayawa, har wurin ya zama tabo mai tauri da iska ba ta ratsawa. Na tuna gidanmu, yadda aka yi ta ƙara ɗakuna har tsakar gida ta koma lungu. Na tambaye ta ko tabon yana gogewa. Ta ce a'a, sai dai a rage masa gudu in an zo da wuri. Mu ba mu zo da wuri ba. Allah ya jiƙansa.

Autanmu ne ya gaji wutar. Magidanci ne yanzu, da mata da 'ya'ya.

Wata Juma'a ina ƙofar gida na hango shi ya tsaya wajen mai shayi. Ya ɗan matsa, ya tsaya wajen tela. Sai ya dafa bangon nan.

Da ya dawo na tare shi a zaure.

"Auta, yaushe kuka ƙulla da tela haka?"

"Haba Yaya, gaisuwa ma ta zama laifi?" Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da busasshen tari.

"Gobe za a ɗauki hoton ƙirjinka."

"Gobe akwai kawuna jibge. Mura ce kawai."

"Baba ma mura ya ce."

Ya wuce cikin gida.

Da safe na tsayar da zemijan biyu, baburan haya, a ƙofa. Ya fito da rigar aiki, ya dube ni, ya dubi baburan, ya koma ciki. Ina tsaye ina jin tarinsa ta bayan labule. Can sai ga shi da farar riga.

Hoton ya nuna tabon ya fara, amma ƙarami ne. Ya bar wutar, yanzu yana yankan nama a tebur. Har yau duk Juma'a nakan fito ƙofar gida. In ya tsaya wajen tela ba fuskarsa nake kallo ba, hannunsa nake kallo, ko zai kai shi bango.